Kisan Kai Huɗu A Tsohuwar Roma: Wanne Ya Fi Dacewa Ka Gina Labarinka A Kai?

Marubucin da ya sa a ransa zai rubuta ƙagaggen labarin binciken kisan kai a tsohuwar Roma, mai makircin siyasa a gindinsa, wuri guda yake fara cijewa: wace gawa zai ɗauka? Tarihin Rumawa ya tara su da yawa, kowace da nauyinta. Wata za ta ba ka labari bayan ɗan gajeren karatu, wata kuwa sai ka shekara kana haɗa sunaye ba ka rubuta babi ɗaya ba. Huɗu na ga sun cancanci a auna: kisan Sextus Roscius a shekara ta 81 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kisan Clodius a 52, kisan Yuliyus Kaisar a 44, da mutuwar Germanicus a shekara ta 19 miladiyya.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne giɓin da tarihi ya bari. Labarin bincike a kan tambayar da ba a amsa ba yake tsayawa. In littattafan tarihi sun riga sun faɗi wanda ya yi da dalilinsa da yadda ya yi, mai bincikenka ba shi da aikin yi. In kuwa ba a san komai ba, to ƙirƙira ce zalla ka sa wa tufafin Rumawa. Abin nema shi ne kisan da aka san rigimar da ta haife shi, aka san waɗanda suka amfana, amma ba a tabbatar da hannun da ya aikata ba.

Na biyu kuɗi da lokacin da bincike zai ci. Tsofaffin fassarorin Turanci na marubutan wancan zamani, irin su Sisero da Tacitus da Suetonius da Plutarch, ana samunsu kyauta a rumbunan intanet irin su Perseus da LacusCurtius, kuɗin data kawai za su ci maka. Tsada tana shigowa ne inda dole sai ka nemi sharhin malaman jami'a na zamani, waɗanda da kuɗin waje ake sayensu.

Na uku sauƙi, wato yawan taurari da garuruwa, da yawan bayanin tsarin mulki da mai karatu zai haɗiye kafin labari ya kankama. Na huɗu karko: littafi ɗaya ne ya ƙare, ko zai ɗauki na biyu da na uku? Na biyar haɗari, wanda ya haɗa kuskuren tarihi, taka sawun waɗanda suka riga ka, da al'adun Rumawa da mai karatu Bahaushe zai iya ƙyama.

Kafin mu shiga, ga abin da ya kamata ka riƙe. A zamanin jamhuriya, wato kafin mulkin sarakuna irin su Agustus, babu 'yan sanda a Roma, babu lauyan gwamnati mai shigar da ƙara. In an kashe maka mutum, kai da danginka da ubangidanka ne za ku nemo shaidu ku tsaya a kotu. Rundunar masu sintirin dare sai a shekara ta 6 miladiyya sarki Agustus ya kafa ta, ita ma kashe gobara ne babban aikinta. Bawa ba a karɓar shaidarsa sai an azabtar da shi. Gawa kuma a wancan zamanin yawanci ƙona ta ake yi, saboda haka babu zancen tone kabari a sake dubawa. Duk wannan ya buɗe maka ƙofa, domin mai bincikenka zai iya zama kowa: magatakardan lauya, 'yantaccen bawa, ko matar da aka kashe wa miji.

Kisan Sextus Roscius, 81 zuwa 80 kafin miladiyya

Roscius babba attajiri ne daga garin Ameria, arewa da Roma, mai gonaki 13. Wata rana da dare yana dawowa daga cin abinci a Roma aka kashe shi kusa da wani gidan wanka. Kafin gari ya waye wani mai suna Mallius Glaucia ya keta mil 56 cikin awa 10 a keken doki ya kai labari Ameria. Bai nufi gidan ɗan mamacin ba, a gidan Capito ya sauka, wani ɗan'uwan mamacin da ba sa ga-maciji da shi. Cikin kwana huɗu labarin ya isa kunnen Chrysogonus, 'yantaccen bawan Sulla kuma ɗan gaban goshinsa, a sansanin yaƙi na Volaterrae.

Sulla a lokacin shi ke riƙe da Roma bayan yaƙin basasa. Ya fitar da jerin sunayen abokan gabarsa da aka halasta jininsu, dukiyarsu kuma aka yi gwanjonta. An rufe wannan jeri tun ranar 1 ga Yuni, 81, amma sai ga sunan mamacin ya bayyana a ciki bayan ya mutu, alhali shi ɗan ɓangaren Sulla ne. Dukiyar da aka ce ta kai sestarsi miliyan 6 a kuɗinsu, Chrysogonus ya saye ta a kan 2,000. Capito ya samu gona uku, wani ɗan'uwan mai suna Magnus ya zama mai kula da sauran, aka kori ɗan daga gidan ubansa. Mutanen gari suka tura dattawa goma su kai kuka gaban Sulla, aka lallashe su da alƙawari suka dawo ba su gan shi ba, kuma Capito yana cikin tawagar. Daga ƙarshe, don a rabu da magajin gaba ɗaya, aka maka shi a kotu cewa shi ya kashe ubansa. Hukuncin wannan laifi shi ne a ɗinke mutum da ransa cikin buhun fata a jefa shi a ruwa.

Manyan lauyoyi suka noƙe don tsoron Sulla. Sisero, yana ɗan shekara 26, shi ya miƙe, ya kama sunan Chrysogonus a bainar jama'a, ya ɗora hujjarsa a kan tambayar da wani tsohon alƙali ya shahara da ita: wa ya amfana? Kotu ta sallami Roscius ƙarami.

Duk abin da na lissafa daga bakin Sisero muka ji shi, wato lauyan ɓangare guda, kuma nan giɓin yake. Kotu ta wanke ɗan, amma ba ta ce ga wanda ya yi ba. Bayi biyu da ke tare da mamacin a daren ba a ba da su an yi musu tambayoyi ba, suna hannun Chrysogonus. Jawabin mai ƙara, Erucius, bai iso gare mu ba, sai abin da Sisero ya tsakuro don ya rusa: cewa uban ya tsani ɗan, ya tura shi ƙauye, yana shirin hana shi gado. Akwai masana na zamani da ke ganin zargin bai yi raunin da Sisero ya nuna ba. Kana da mutum huɗu ke nan da za a iya nuna wa yatsa, kuma duk wanda ka zaɓa ba ka yi wa tarihi ƙarya ba.

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai shi araha. Jawabi guda ne mai gajerun sassa 154, kuma a cikinsa akwai kayan aikin da marubuci ke nema. Sisero ya zana gidan Chrysogonus a tudun Palatine, inda kiɗa da waƙa ke cika unguwa dare da rana. Ya ambaci wata tukunyar girki da ya saya a gwanjo da tsadar da masu wucewa suka ɗauka gona ake sayarwa. Ya nuna shi yana ratsa dandalin birni gashi a gyare ya sha mai, zuga na biye da shi. Wannan babi guda ne a shirye.

Sauƙinsa kuwa, ba ka buƙatar doguwar lacca. Duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yan'uwa ke haɗa kai da wani mai ƙafa a gidan gwamnati su cinye gonar gado, zai gane labarin tun shafi na farko. Gari biyu ne, manyan taurari ba su kai goma ba.

Karkonsa matsakaici ne. Shari'ar kanta littafi ɗaya ce, sai dai in ka manna mai bincikenka a jikin Sisero, to akwai shari'ar Verres, gwamnan da aka zarga da wawure dukiyar jama'a, a shekara ta 70, da makircin juyin mulkin Catilina a 63, suna jiran ka. Babban haɗarin shi ne wani marubuci Ba'amurke ya fitar da labarin bincike a kan wannan shari'a tun 1991, kuma ya shahara. Shawarata ka gina naka daga jawabin Sisero kai tsaye, ka tsayar da mai laifinka da kanka tun kafin ka leƙa abin da wani ya yi. Ka kuma kiyaye kada ka sako sarki ko babban filin wasan Colosseum, wanda sai a shekara ta 80 miladiyya aka buɗe shi.

Kisan Clodius, 52 kafin miladiyya

Shekarar 52 ta shigo Roma ba ta da konsul, wato shugabannin nan biyu da ake zaɓa duk shekara, domin 'yan bangar siyasa sun hana zaɓe. Wani ɗan siyasa mai suna Milo yana neman kujerar konsul, abokin gabarsa Clodius yana neman ta ƙasa da ita, kuma kowannensu na da tasa rundunar. Ranar 18 ga Janairu suka yi kiciɓis a kan titin Appia kusa da garin Bovillae. Clodius na kan doki da bayi kusan 30 masu takubba. Milo na cikin keken doki tare da matarsa Fausta, 'yar Sulla, da babbar tawaga wadda ke da 'yan wasan takobi a cikinta. A bayan ayari faɗa ya ɓarke, wani mai suna Birria ya soki Clodius a kafaɗa, aka kai shi wani masauki. Milo ya sa aka fasa masaukin, aka jawo shi aka ƙarasa shi a titi. Wani ɗan majalisa da ke wucewa ne ya tsinci gawar ya tura ta Roma.

Abin da ya biyo baya ya fi kisan kansa girma. Fulvia, matar Clodius, ta nuna wa jama'a raunukan mijinta. Washegari talakawa suka ɗauki gawar zuwa cikin zauren majalisar dattawa, suka tara benci da tebura suka cinna wuta, zauren ya ƙone tare da ita. Aka naɗa babban janar Pompey konsul shi kaɗai. A watan Afrilu aka yi shari'a sojoji sun kewaye dandali, Sisero da ke kare Milo ya kasa yin magana yadda ya saba saboda ihun magoya bayan Clodius, aka samu Milo da laifi da ƙuri'a 38 a kan 13. Ya tafi gudun hijira Massilia, inda yau birnin Marseille yake a Faransa.

Matsalar a nan ita ce an san wanda ya yi. Giɓin da ya rage ɗan ƙarami ne: Sisero ya ce Clodius ne ya yi kwanton ɓauna, masu ƙara suka ce Milo ne, Asconius kuwa, wanda ya yi sharhin shari'ar a zamanin sarki Nero bayan ya bi takardun lokacin, ya ce haɗuwar ta katsaham ce. Amma akwai ƙananan ƙofofi biyu da nake ganin sun isa. Mutanen Bovillae sun ba da shaidar an kashe mai masaukin, kuma tarihi bai damu da shi ba. Milo kuma ya 'yanta wasu bayinsa jim kaɗan bayan abin, wanda hakan ya hana a azabtar da su su ba da shaida. Me suka gani? Ɗan mai masaukin da ke neman haƙƙin ubansa a tsakiyar wannan guguwa tauraro ne mai kyau.

Jawabin Sisero kyauta ne, amma in ka dogara da shi kaɗai za ka ɓata, domin rubutaccen da muke da shi gyararre ne da ya fitar bayan shari'a. Dole ka nemi Asconius, kuma fassararsa mai cikakken sharhi ta sayarwa ce. Wahalar ta fi ta Roscius nesa ba kusa ba, don sai ka fahimtar da mai karatu zaɓen Roma, da dalilin da ya sa ɗan babban gida kamar Clodius ya koma sahun talakawa ya zama wakilinsu a 58, ya raba hatsi kyauta, ya kori Sisero daga ƙasa. Karkonsa kuwa babba ne, shekara uku kacal ya rage a fara yaƙin basasa tsakanin Kaisar da Pompey, Fulvia kuma za ta ci gaba da taka rawa har ta auri Mark Antony, na hannun daman Kaisar. Wannan ma marubucin Ba'amurken nan ya taɓa shi a 1996.

Kisan Yuliyus Kaisar, 44 kafin miladiyya

Shi ne zuciya ta fi saurin karkata gare shi, kuma shi na fi ja wa sabon marubuci kunne a kai. Ranar 15 ga Maris aka soke shi sau 23 a zauren Pompey. Suetonius ya ce masu makircin sun haura 60, kuma likita Antistius da ya duba gawar ya ce rauni ɗaya ne kaɗai mai kisa, na biyu, a ƙirji. An san Casca ne ya fara suka, an san Decimus ne ya je gida ya lallaso shi, an san Burutus da Cassius ne jagorori. Su da kansu suka fito titi da wuƙaƙe a hannu suna shelar abin da suka yi. Giɓi babu.

Kayan karatu kyauta ne kuma sun fi na kowane yawa: Suetonius, Plutarch, Appian, Cassius Dio, Nicolaus na Damaskus, da wasiƙun Sisero. Yawan nan shi ne tsadarsa, domin sun saɓa wa juna a wurare, kuma sai ka karanta duka kafin ka zaɓi wanda za ka bi. Duk wanda ya ratsa darasin adabin Turanci ya san ƙarshen labarin, kuma kuskurenka ba zai ɓuya ba. Kaisar bai taɓa zama sarki ba, kuma ba a tsohon zauren majalisa aka kashe shi ba, wancan ya ƙone tun ranar gawar Clodius.

Hanya ɗaya nake gani da zai yi aiki, ita ce ka mayar da shi labarin tsere da lokaci. Wani ya gano makircin yana neman isa ga Kaisar, kamar Artemidorus da aka ce ya miƙa masa takardar gargaɗi a hanya, ya riƙe ta bai karanta ba. Labari ne mai tayar da hankali, amma ya tashi daga binciken kisan kai.

Mutuwar Germanicus, 19 zuwa 20 miladiyya

Wannan ya fi duka arziki, ya kuma fi duka nauyi. Germanicus ɗan ɗan'uwan sarki Tiberiyus ne kuma ɗan riƙonsa, jarumin yaƙin Jamus, mutumin da jama'a ke so fiye da sarkin. Matarsa Agrippina jikar Agustus ce. An tura shi ya kula da gabashin daula, aka kuma naɗa Gnaeus Piso gwamnan Siriya, dattijo mai taurin kai wanda matarsa Plancina aminiyar Livia ce, uwar sarki. Tun haɗuwarsu ba su jitu ba. Germanicus ya je Masar ba da izinin sarki ba, ya dawo ya tarar Piso ya warware umarninsa. Daga nan ya kwanta ciwo a Antakiya, wadda yau take cikin Turkiyya.

Tacitus ya ce an tono abubuwa daga daɓe da bangon gidan da yake kwance: sassan gawar mutane, rubuce-rubucen tsafi, allunan darma da aka zana sunan Germanicus a kai, da toka mai jini. Shi kansa mara lafiyan ya yi imani Piso da Plancina ne suka yi masa, ya roƙi abokansa su ɗaukar masa fansa. Ya rasu ranar 10 ga Oktoba yana da shekara 33. Aka ajiye gawarsa tsirara a dandalin Antakiya don mutane su ga alamar guba, masu kallo kuma kowa ya ga abin da zuciyarsa ta riga ta yarda da shi.

Sai mutuwa ta biyu. An kama wata mata mai suna Martina, wadda ta yi suna da haɗa guba kuma ta kusa da Plancina, aka tura ta Roma don ta ba da shaida. Tana isa tashar jirgin ruwa ta Brundisium ta mutu farat ɗaya, aka samu guba a ɓoye cikin ƙullin gashinta, jikinta kuma babu alamar ta kashe kanta. Sai ta uku. Ana tsakiyar shari'a a majalisar dattawa, zargin guba ya yi rauni, domin masu ƙara cewa suka yi Piso ya zuba ta da hannunsa a wurin walima a gaban kowa. Amma laifin tayar da yaƙi don ƙwato Siriya, lardin da ya riga ya bari, ya kama shi. Wani dare ya rubuta takarda ya like ya ba 'yantaccen bawansa, matarsa ta fita daga ɗakin, ya sa aka rufe ƙofa. Da asuba aka same shi an yanke maƙogwaro, takobi a ƙasa. Tacitus ya ce ya ji daga dattawa cewa an sha ganin wata takarda a hannun Piso mai ɗauke da umarnin sarki, kuma aiko wani aka yi ya kashe shi, amma ya ce ba zai tabbatar ba.

Gawa uku ke nan, ba wadda aka warware. Mai yiwuwa ciwo ne kawai ya kashe Germanicus, mai yiwuwa guba ce. Ban san wani kisa a tarihin Roma da ya bar wa marubuci fili irin wannan ba.

Ginshiƙin karatunka shi ne littafi na biyu da farkon na uku na tarihin Tacitus, kuma kyauta ne. Amma akwai ƙari. A ƙarshen shekarun 1980 an gano allunan tagulla a kudancin Sifaniya ɗauke da hukuncin majalisar kan Piso, mai kwanan wata 10 ga Disamba, shekara ta 20, aka buga su a 1996. A ciki an rubuta ƙarara cewa an yafe wa Plancina saboda roƙon Livia, an hana mata yi wa Piso makoki, an umarci ɗansa ya canza suna. Wannan ita ce muryar gwamnati, Tacitus kuma ya rubuta nasa ne kusan shekara ɗari bayan abin. Saɓanin da ke tsakaninsu shi ne cibiyar labarinka, fassarar allunan da sharhinta kuwa a littattafai da mujallun jami'a suke, saboda haka ka ware kuɗi.

Wahalarsa a fili take. Labarin ya ratsa Siriya da Masar da tsibiran Girka da Italiya. Gidan sarautar ya cika da sunaye masu maimaituwa, Drusus fiye da ɗaya, Nero fiye da ɗaya, Agrippina uwa da Agrippina 'ya, kuma in ba ka yi wa kowa laƙabi tun farko ba mai karatu zai ajiye littafin. Haɗarin ya haɗa da tsafi da ƙona gawa da bautar gumaka, waɗanda ba za ka iya cire su ba tare da ka kashe labarin ba. Ka nuna su a matsayin abin da mutanen suka yi imani da shi, ba sai ka tsaya koyar da yadda ake yi ba. A karko babu na biyunsa: faɗuwar Sejanus, shugaban dogaran sarki Tiberiyus, a 31, mutuwar Agrippina a tsibirin da aka kore ta a 33, da hawan ɗanta Caligula gadon mulki a 37, wanda yana ɗan shekara 7 lokacin da ubansa ya rasu.

Na bar mutuwar sarki Claudius ta shekara ta 54 a waje da gangan. Labarin lemar kwaɗi mai guba yana da daɗin ji, amma tsofaffin marubuta kusan duk sun ɗora laifin a kan matarsa, kuma komai a cikin fada ya faru, inda mai bincike daga waje ba shi da hanyar shiga.

| Ma'auni | Roscius | Clodius | Kaisar | Germanicus |
|---|---|---|---|---|
| Giɓin tarihi | Babba | Ƙarami | Babu | Mafi girma |
| Kuɗi da lokaci | Mafi araha | Matsakaici | Kyauta, amma karatu mai yawa | Mafi tsada |
| Sauƙi | Mai sauƙi | Da wuya | Matsakaici | Mafi wuya |
| Karko | Littafi ɗaya, sai in ka bi Sisero | Biyu zuwa uku | Ɗaya | Jeri mai tsawo |
| Babban haɗari | An riga an taɓa shi | Bayanin siyasa ya danne labari | Kowa ya san ƙarshe | Ruɗewar sunaye da batun tsafi |

Wanne ya dace da wa

In wannan ne littafinka na farko na tarihi, kuma aljihunka bai wuce kuɗin data ba, ɗauki Roscius. Zai koya maka sana'ar ba tare da ya danne ka ba, kuma kana iya gama shi kana aikinka na yau da kullum. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai sakin labari babi-babi a waya, domin kowane shaida da aka ziyarta babi ne mai zaman kansa.

In abin da ke cin ranka siyasa ce, yadda manya ke ɗaukar matasa haya su zubar da jini sannan su zauna su raba muƙamai, Clodius ne naka. Sharaɗin shi ne ka ƙirƙiro ƙaramar gawa a gefen babbar, wadda ita ce mai bincikenka zai bi, ka bar Milo da Pompey da Sisero su zama hadarin da ke saman kansa.

Kaisar na wanda sunan da ke bangon littafi ya fi damunsa ne, don ya san zai ja masu saye. Ya shiga da sanin cewa labarin fargaba zai rubuta, kuma masu karatu za su auna shi da abin da suka riga suka sani.

Germanicus na wanda ya riga ya gama littafi ɗaya ko biyu ne, yana da haƙurin zana bishiyar dangi ya liƙa a bango, yana kuma son aikin da zai riƙe shi shekaru. Haka nan ke da kike son tauraruwarki ta zama mace, nan za ki fi samun wurin tsayawa. Matan Roma ba sa riƙe muƙami, ba sa zama cikin masu yanke hukunci, amma a wannan labarin Agrippina da Plancina da Livia da Martina su ke riƙe da zaren. Baiwar da ke gyara wa Plancina gashi, wadda aka sa ta raka Martina a jirgin ruwa zuwa Brundisium, za ta iya shiga ɗakunan da babu ɗan majalisar da zai leƙa. Ki fara da daren da Martina ta mutu, ki koma Antakiya a babi na biyu.